Rigar da ke Kan Ƙusa

Farar rigarsa na nan kan ƙusa a bayan ƙofa,
aljihun hagu da tabon shuɗiyar tawada,
hannun dama asid ya ci, ya bar huda uku.
Shekara biyar ban bar kowa ya taɓa ta ba,
ni Tsalha, da nake wanke masa kwalabe
tun bai san inda makullin ɗakin gwaji yake kwana ba.

Ɗalhatu, ɗan majemin Ƙofar Wambai.
Warin fata ne ya fara koya masa tambaya:
me ke cikin bagaruwa da ke hana ruɓewa?
Mahaifinsa ya ce, "Haka muka tarar."
Wannan amsa ce ta kore shi har ƙasar ƙanƙara,
ya dawo da digiri, da tari a ƙirji,
da tambayar nan tasa, ko furfura ba ta yi ba.

Bayan asuba mukan hau tsohuwar basfarsa,
ina baya, rungume da kwandon kwalabe.
Jakara, Sharaɗa, rijiyoyin cikin lunguna.
Ya tsuguna bakin kwata kamar mai alwala,
ya ɗebi baƙin ruwa ya ɗaga wa rana.
Yara na ihu, "Ga likitan kwatami!"
Masu noman latas ba su yi dariya ba
ranar da ya faɗa musu abin da ganyensu ke sha.
Wani ya jefe mu da ruɓaɓɓen tumatir.
Damina biyu a tsakani, shi ne ya zo da galan,
kansa a sunkuye, a duba masa rijiyar gida.

Sai aka fara jan sa sama.
Shugaban sashe, shugaban tsangaya,
rannan da la'asar rediyo ta kira sunansa.
Na yanka zakara don murna,
da dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Ta taga na riƙa ganin wucewar baƙar mota.
Aka ce tebur ya cika da wasiƙun manya,
kowa da ɗansa, kowa da kwangilarsa.
Kuɗin dizal, rufin da ke yoyo, albashin da ya maƙale.
Ya haƙa wa ɗalibai burtsatse bakwai, suka yi masa tafi.
Ya ƙara kuɗin rajista, suka ƙona taya a ƙofa,
suka rubuta sunansa da gawayi, da zagi a gefe.
Ya sallami amininsa kan cinikin maki,
mutumin da suka raba kwano ɗaya a makaranta.
Har yau in sun haɗu a jana'iza
sahu biyu ne tsakaninsu.

Dare ɗaya, cikin yajin aiki na wata shida,
ba wuta, ciyawa ta kai gwiwa,
na ji ana taɓa ƙofa.
Shi ne, ba direba, ba ɗan sanda.
Na haska masa fitilar waya,
ya ɗiga ruwa cikin kwalba, ɗigo, ɗigo,
hannunsa na rawa, har launi ya juya.
Ya ce, "Tsalha, ka ga ruwa?
In ka tambaye shi sau goma, amsarsa ɗaya."
Bai ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Jiya ya miƙa makullai, aka yi jawabai.
Wasu sun ce ya gyara, wasu sun ce taurin kai.
Ni ba ni da ma'aunin wannan.

Yau da hantsi ya shigo da ƙafarsa,
ya sauke rigar, ya karkaɗe, ya saka.
Ta yi masa yawa a kafaɗa.
Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an rufe Jakara da titi."
Ya ce, "Ruwan ya daina tafiya ne?
Ɗauko kwandon."